Na Koma Bakin Tekun Ikko Bayan Shekaru, Na Tarar An Gina Gari A Kansa

 Makon jiya mun tattauna kan yadda za a sama wa yara abin yi a lokacin hutun makaranta, kuma na karanta duk sharhin da kuka rubuto, na gode ƙwarai. Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta jefo mini tambaya, ta ce ni da nake ta kiran iyaye su riƙa fita da yara, shin ina aka taɓa kai ni ina yaro? Tambayar ta zo a kan gaɓa, domin ban daɗe da dawowa daga wurin ba, kuma tun da na dawo abin yake yi mini yawo a zuciya. Saboda haka yau labarinsa zan ba ka.

Ni mutumin Baure ne, a masarautar Daura, dab da iyakarmu da Jamhuriyar Nijar. Wanda ya san yankinmu ya san ruwa ba abin wasa ba ne a wurinmu. Rijiya ce mai zurfi, sai ka ja guga har tafin hannunka ya yi kanta. Babban ruwan da na buɗe ido na gani shi ne kududdufin bayan gari, wanda yake cika da damina, mu yi ta iyo ana korar mu da tsumagiya, kafin bazara kuma ya ƙafe ya tsattsage. Rairayi dai muna da shi har ya yi mana yawa. Abin da ban taɓa tsammani ba shi ne akwai inda rairayi irin namu yake kwance kafaɗa da kafaɗa da ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa.

Wanda ya nuna mini wannan shi ne Kawuna, ƙanen mahaifiyata. Ya tafi Legas ci-rani tun yana saurayi, garin da tsofaffinmu ba su san shi da wani suna ba sai Ikko, sai Allah ya yi zamansa a can. Teburin tsire gare shi a Obalande, unguwar da ke da tsohon tarihi da Hausawa tun lokacin da Turawan mulki suka zaunar da sojojinsu Hausawa a wurin. Duk shekara bayan kaka yakan zo gida ya ga 'yan'uwa, ya sayi gero da wake, ya koma. A watan Disamba na 1984, ina da shekara 10, ya ce wa mahaifina a ba shi ni in je in yi hutu. Ka san dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa, kuma babu uban da zai saki yaro mai iya riƙe fartanya a wannan lokaci. Hutun Disamba ne kaɗai namu, an gama girbi, an kai amfani rumbu.

Mun shiga mota ta Ɓaɓura zuwa Kano, muka kwana a tasha, washegari muka hau jirgin ƙasa. Layin dogon nan ya iso Kano tun 1911, kuma tsawonsa daga can zuwa Legas ya haura kilomita 1,100. Ina iya lissafa maka tashoshin har yau kamar karatun allo: Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, Jebba inda jirgi ke bi ta kan gada ya haye kogin Kwara, sai Ilori, Offa, Oshogbo, Badun, Abekuta, har tashar Iddo. Kwana muka yi a tarago, muka wuni, muka sake shiga wani daren. Ina kallon ƙasa tana sauya riga ta taga, gawo da kuka suka ɓace, kwarar manja da ayaba suka maye gurbinsu, hazon hunturun da ya farfasa mini leɓe ya koma wani irin danshi mai manne wa fata. A kowace tasha masu talla na kiran abin da ban san sunansa ba, Kawu yana saya yana miƙo mini yana cewa, "Ci, yaro, tafiya mabuɗin ilimi ce."

A lokacin Legas ce babban birnin tarayya, sai a watan Disamba na 1991 gwamnati ta tare a Abuja. Fadar shugaban ƙasa tana Barikin Dodan, wanda ke jingine da Obalande, kuma wanda ke zaune a ciki a wannan shekara shi ne Janar Muhammadu Buhari, ɗan Daura. Kawu yakan nuna bangon barikin ya yi dariya ya ce, "Maƙwabcinmu ne a gida, maƙwabcinmu ne a nan, amma ko sau ɗaya bai aiko sayen tsire ba." Zamanin yaƙi da rashin ɗa'a ne, saboda haka har a tashar bas layi ake bi, ba mai yarda ya yi tsallake.

Mai tsire da dare yake aiki, safiyarsa tasa ce. Kwana uku da saukata Kawu ya tashe ni bayan sallar asuba ya ce in sa takalmi. Muka hau bas muka haye gada zuwa tsibirin Biktoriya, muka sauka a titin Ahmadu Bello, wanda aka sa wa sunan Sardaunan Sakkwato, muka ci gaba da ƙafa. Kafin in ga komai sai na fara jin wani rugugi, kamar hadari ya taso daga gabas, alhali sama tana tas. Na riƙe hannun Kawu gam. Muka hau wani ɗan tudun rairayi, sai ga shi. Wurin da ake kira Bar Beach ke nan.

Mai karatu, in ka tashi a bakin ruwa ba za ka gane abin da ya same ni ba. Ruwa ne ya tashi tsaye kamar bango, ya naɗe, ya faɗi da ƙara, ya watso farin kumfa har kusa da ƙafata, sa'an nan ya ja da baya, wani ya biyo shi. Na tsaya ina jiran ya gaji ya daina. Da na ga ba shi da niyya sai na tambayi Kawu, "To ina ɗaya gaɓar?" Ya ce, "Wanda ya halicce shi kaɗai ke ganin gaɓa biyun lokaci guda." Can nesa ga manyan jiragen ruwa jere suna jiran a ba su izinin shiga tashar Apapa, da na ɗauka gidaje ne aka gina a kan ruwa.

Ba a karɓi ko sisin kwabo a hannunmu ba. Babu ƙofa, babu katanga. Lebura da ma'aikacin banki, Bayarabe da Inyamuri da Bahaushe, kowa shimfiɗa tabarmarsa yake yi inda ya ga dama. Ga masu fararen riguna na cocin Aladura sun durƙusa suna addu'a da ƙararrawa a hannu. Ga masu sayar da kwakwa suna sare mata kai da adda su miƙo maka ka sha ruwanta. Ga masu hoto suna bin mutane. Ga ƙananan ƙaguwa suna gudu a karkace suna shigewa rami. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne dawakai, domin sirdinsu da linzaminsu irin namu ne, kuma da mai dokin ya buɗe baki sai na ji Hausa tsantsa. Kawu ya biya aka ɗora ni, aka zaga da ni a bakin ruwa, ni da ko jakin gidanmu sai na yi roƙo ake barina in hau.

Doka ɗaya Kawu ya kafa mini, kada ruwa ya wuce idon sawuna. Ya ce tekun nan ba kududdufin Baure ba ne, yana janye rairayi daga ƙarƙashin ƙafar mutum, kuma ba shi da reshen da za ka kama. Daga baya na fahimci gaskiyarsa, domin gaɓar Legas ta yi suna wajen igiyar da ke jan mutum ciki, har gwanayen iyo tana cinye su.

Ranar da za mu dawo gida na roƙi Kawu kwalba, na cika ta da ruwan teku, na toshe da tsumma da leda, na rungume ta tun daga Iddo har Baure. Saboda Kaka na yi haka, wadda ta ce ba za ta yarda akwai ruwa mai gishiri ba sai ta ɗanɗana. Ta ɗiga a tafin hannu ta lasa, ta yamutsa fuska, ta yi shiru. Can ta ce, "Yanzu duk gishirin nan yana can a banza, mu kuwa muna nan muna jiran raƙuma su kawo mana na Bilma da kuɗinmu?" Ba ta yi kuskure ba wajen yawansa, domin kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Kwalbar nan ta yi wata da watanni rataye a ɗakinta, mata maƙwabta na zuwa lasa.

Sau huɗu Kawu ya kai ni, 1984, 1985, 1986, sai 1988. Kowane zuwa, washegarin saukata muna bakin teku, har masu dawakai suka san ni suna kirana Ɗan Baure. Daga nan karatu ya yi nisa, aiki ya zo, aure ya zo, 'ya'ya suka zo. Shi ma Kawu ƙarfi ya ƙare, ciwon gwiwa da hayaƙin shekaru a ido suka dawo da shi gida, ya bar wa 'ya'yansa teburin. Duk sallah in na je gaishe shi sai ya ce, "Yaro, yaushe za mu koma mu gaida teku? Yanzu kai za ka biya kuɗin mota." Ni kuma in ce, "Baɗi in Allah ya kai mu, Kawu." Na faɗi wannan baɗin ya fi sau goma. Ba rashin kuɗin mota ba ne ya hana, kullum dai akwai abin da nake ganin ya fi gaggawa. A daminar 2021 Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

A watan Disamba na 2024, shekara 40 cif da zuwana na farko, autan Kawu ya yi aure a Agege. Na ce wannan karon ba ni kaɗai zan je ba. Na ɗauki uwargida da yara uku muka shiga doguwar bas daga Kano. Tun a hanya na cika musu kunne da labarin dawakai da kwakwa da rugugin da ake ji kafin a ga ruwa. Bayan an watse daga biki muka ɗauki tasi, muka bi ta gadar nan ta uku mai tsawon kilomita 11.8, wadda a zuwana na ƙarshe ba a ma gama ta ba, sai a 1990 aka buɗe ta. Na ce wa direba Bar Beach. Yaro ne matashi, ya ce ya san wurin, sunan tashar bas ne.

Ya sauke mu a titin Ahmadu Bello. Na tsaya na kasa kunne, ban ji komai ba sai ƙarar motoci da injina. Inda tudun rairayin nan yake, yanzu shinge ne. Bayan shingen ƙasa ce shimfiɗe, da tituna, da fitilu, da dogayen benaye na gilashi, da manyan injinan ɗaga kaya, har iyakar ganina. Inda na ga jiragen ruwa ina yaro, yanzu motoci ne ke wucewa. Ƙaramar 'yata, mai shekara 7, ta ja mini riga ta ce, "Baba, ina tekun?" Wallahi ban sami abin ce mata ba.

Na san za ka tambaya, ta yaya teku guda zai tashi daga wurinsa? Labarin ya faro tun kafin a haifi Kawu. A farkon ƙarni na 20, kafin yaƙin duniya na ɗaya, Turawan mulki suka jera manyan duwatsu suka yi dogayen katangu biyu a cikin ruwa a bakin mashigar tashar jiragen Legas, ɗaya ta yamma ɗaya ta gabas, domin kada yashi ya riƙa toshe wa jirage hanya. To a wannan gaɓa igiyar ruwa tana tafiya da yashi ne daga yamma zuwa gabas. Da aka gitta katanga sai yashin ya riƙa taruwa a ɓangaren yamma, Bar Beach da ke gabas ya daina samun sabon yashi, alhali teku bai daina kwashe wanda ke nan ba. Kamar rumbu ne da ake ɗiba kullum ba a zubawa. Cikin shekaru ruwa ya cinye fiye da kilomita guda na gaɓar. Gwamnatoci suka yi ta zuba yashi, teku yana lashewa. Ya kai ga ruwa yana tsallakowa titin Ahmadu Bello yana shiga ofisoshi da gidaje, ciki har da gidajen saukar baƙi na gwamnatocin jihohi da ke jere a wurin.

A 2008 aka fara aikin da ake kira Eko Atlantic. Jiragen haƙo yashi suka riƙa kwaso shi daga cikin teku suna cike wurin da ruwa ya cinye, da nufin samar da sabuwar ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 10. Aka kewaye ta da katangar duwatsu da tubalan kankare masu nauyin tan 5 kowanne, wadda aka tsara tsawonta zai kai kilomita 8.5. A watan Fabrairu na 2013 aka yi bikin ƙaddamar da filin, shugaba Goodluck Jonathan da gwamna Babatunde Fashola da tsohon shugaban Amurka Bill Clinton duk sun halarta. Yau har Amurka tana gina sabon ƙaramin ofishin jakadancinta a kan wannan ƙasa, wato a inda kifi ke iyo lokacin da nake hawan doki.

Ba zan tsaya ina tsine wa aikin ba, domin gaskiya ɗaya ce, da ba a tare ruwan ba da ya ci gaba da cin tsibirin. Amma akwai abin da ya tafi wanda ba a mayar ba, shi ne wurin da talaka zai kai ɗansa ya ga ikon Allah ba tare da ya taɓa aljihu ba. Gaɓar Kuramo da ke kusa, an rufe ta bayan ambaliyar teku ta watan Agusta na 2012 wadda ta ci rayuka. Maroko, unguwar talakawan da ke bayan tsibirin, inda abokan Kawu da yawa suke haya, an rushe ta tun watan Yuli na 1990. A 2024 kuma aikin babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba ya bi ta kan wasu wuraren shaƙatawar da suka rage. Waɗanda ke nan yanzu galibi na 'yan kasuwa ne, da ƙofa da mai karɓar kuɗi. Mun leƙa ɗaya a wannan yammacin, da na lissafa kuɗin shigar mutum biyar sai na ga cefanen gidana ne na kwanaki, ga kiɗa kamar zai fasa kunne, ga shigar da ba zan so yarana su zauna suna kallo ba. Muka juya.

Kada kuma in yaudare ka in ce da can komai zuma ne. Tuna baya yana da halin tace labari, ya zubar da tsakuwa ya bar tsaba. A wannan rairayin da nake wasa a kai, a shekarun 1970 ake ɗaure 'yan fashi a jikin ganguna a harbe su a gaban dubban 'yan kallo. A nan aka harbe ƙasurgumin ɗan fashin nan Ishola Oyenusi a watan Satumba na 1971. Kawu bai gaya mini ba sai a zuwana na ƙarshe, da ya ga na fara hankali, ya nuna mini wurin ya ce mutane har da 'ya'yansu suke zuwa kallo, shi kuwa sau ɗaya ya je bai ƙara ba. Akwai 'yan sane, akwai ƙazanta, kuma ba a rasa jin wani ya nutse. Ni dai ban ga wannan ba saboda akwai babba a gefena yana tare mini.

Da daddare ɗan Kawu ya ga yadda jikina ya yi sanyi, sai ya ce gobe zai kai mu Tarkwa Bay. Wuri ne da ba a zuwa sai ta ruwa. Muka shiga kwale-kwale mai inji, kowa aka sa masa rigar hana nutsewa, uwargida ta runtse ido tana ta salati har muka sauka, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Shi ma wurin yana da nasa tabon, domin a watan Janairu na 2020 sojojin ruwa sun tashi mazauna yankin, hukumomi suka ce saboda masu fasa bututun mai ne, iyalai da yawa suka rasa matsuguni. Amma gaɓar tana nan, baƙi na zuwa. Ruwanta ya fi na Bar Beach kwanciya, kuma dalilin shi ne tana fake ne a jikin katangar duwatsun nan ta Turawa. Na je na dafa duwatsun da hannuna. Su suka kashe wancan wuri, su kuma suka raya wannan.

Yaran ba su damu da tarihina ba ko kaɗan. Wani ƙaton jirgin dakon kaya ya zo wucewa zai shiga Apapa, kusa har kana iya karanta rubutun jikinsa, babban ɗana ya buɗe baki ya manta bai rufe ba. Ta tsakiyar ta cika ɗankwalinta da bawon katantanwa. Ƙaramar ta ƙi sakin hannuna, duk lokacin da kumfa ya taso sai ta ƙanƙame ni ta yi ƙara, in ya koma kuma ta ja ni mu bi shi. Sai na ji bakina yana cewa, "Kada ya wuce idon sawu." A nan ne hawaye ya zo mini, na juya baya kada su gani. Na gane ba rairayin Bar Beach na yi shekaru ina kewa ba. Mutumin da ya riƙe mini hannu nake kewa, wanda ya ciri kuɗin jirgi daga ribar tsinken tsire ya kai ɗan 'yar'uwarsa ya ga duniya, ba tare da kowa ya ɗora masa ba. Sai da na biya wa yara uku kuɗin mota na san nauyin abin da ya yi mini har sau huɗu. Ni kuwa sau ɗaya tak ya roƙe ni, na yi ta ce masa baɗi.

Kafin mu taso ƙaramar ta shanye ruwan robarta ta cika ta da na teku, ta ce na Hajiya ne, wato mahaifiyata. Da muka isa Baure Hajiya ta lasa, ta riƙe robar ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta yi wa ƙanenta addu'a.

To mai karatu, ga abin da nake so ka ɗauka daga wannan dogon labari. Na farko, in akwai tsoho a gidanku da ke cewa a kai shi wani wuri, garin da ya yi ƙuruciya, ko kabarin iyayensa, ko gidan wani aminin da suka rabu, ka sa rana a wannan watan. Kada ka jira sai ka yi kuɗi, domin kuɗin da kake jira ba sa zuwa da ƙarin kwana.

Na biyu, ba dole sai teku ba. Yaro nawa ne a Baure da Zango da Sandamu da bai taɓa leƙa rijiyar Kusugu ba, ga ta nan cikin Daura? Nawa ne suka taɓa ganin hawan Sallar Gani da idonsu? Akwai Gidan Makama da Dutsen Dala a Kano, akwai hasumiyar Gobarau a Katsina, akwai madatsar ruwa ta Tiga, akwai fadar Sarkin Damagaram ga wanda ke da takardun tsallaka iyaka. Ke ma uwargida, in maigida ya ce ba hali, ki tuna masa kuɗin mota zuwa Daura bai kai na atamfa ɗaya ba. Abin da yaro ke riƙewa shi ne an ware rana domin shi, an amsa tambayoyinsa ba tare da tsawa ba.

Na uku, ka duba cikin danginka ka ga wane yaro ne ba shi da mai kai shi ko'ina. Da can ɗan ƙauye yana da kawu ko baffa ko gwaggo a birni da zai je wa hutu, ta haka da yawanmu muka fara ganin lantarki da jirgi da asibiti, har muka yi sha'awar karatu. Yanzu kowa ya ja ƙofarsa ya rufe da nasa 'ya'yan. In Allah ya ba ka ɗaki biyu a Kano ko Kaduna ko Abuja, hutu mai zuwa ka aika a kawo maka ɗan 'yar'uwarka ko marayan gidanku, ko na mako guda ne.

Na huɗu, abin da ya sami Bar Beach yana samun garuruwanmu a hankali ba mu lura ba. Su teku ke cin su, mu hamada da gatari da masu yankan filaye. Dandalin da muka yi langa, filin ƙwallon bayan makaranta, inuwar da tsofaffi ke zama, je ka duba nawa suka rage. In za a yanka fili a unguwarku, ku taru ku je wurin mai unguwa da dagaci ku nemi a bar wa yara wani yanki, ku dasa itatuwa a kai tun kafin wani ya kafa harsashi.

In kuma Allah ya nufe ka da kai iyali bakin teku, ka je da safe kafin cunkoso da kiɗa, ka guji lokacin damina da ruwa ke hauka, kada ka shiga kwale-kwalen da ba a ba kowa rigar hana nutsewa ba, kada kuma ka yarda a yi lodin da ya wuce ƙima. Ku tafi da tabarma da abincinku da ruwan alwala, babba ɗaya ya riƙe yaro ɗaya, kada iyon kududdufi ya ruɗe ka.

Yanzu saura naka. Wane wuri aka taɓa kai ka kana yaro wanda har yau yake ranka, wa ya kai ka, kuma ka koma ka ga yadda ya zama? Rubuto mana a ƙasa, zan zaɓi wasu mu karanta tare. Wanda ya kai ka ɗin, in yana raye ka kira shi yau ka yi masa godiya, in ya riga mu gidan gaskiya ka sa shi a addu'a. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.